Sikeli Bai San Tsoka Da Kitse Ba



A asibiti akan auna nauyin mutum da tsawonsa, a yi lissafi. In lissafin ya kai 25, sai a ce ƙiba ce. Amma dogon manomi ko ƙaƙƙarfan ɗan kokawa yana iya wuce 25, alhali tsoka ce, ba kitse ba.

Kitsen tumbi ne abin tsoro. Yana jawo hawan jini da ciwon suga.

Ga gwaji mai sauƙi. Mutum ya yanki igiya daidai tsawonsa. Ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa ta saman cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, ya je asibitin Kurfi ko Dutsin-Ma a duba shi.

Allah ya ba mu lafiya.