Gobarar Triangle da Siyasar Gyara a Amurka



An ce in yi magana a kan gyare-gyaren siyasa da zamantakewa a Amurka zamanin masana'antu. Fagen nan yana da faɗi, don haka zan tsaya a kan gobara ɗaya, in bi sawun abin da ta haifar.

Ranar Asabar, 25 ga Maris 1911, dab da tashi daga aiki, wuta ta kama a kwandon ƙyallaye a hawa na takwas na wani bene a birnin Niyok, inda kamfanin Triangle ke ɗinka rigunan mata. Akasarin ma'aikatan 'yan mata ne baƙin haure, Yahudawa daga gabashin Turai da 'yan Italiya. Da wutar ta kai hawa na tara, suka ruga ƙofa suka tarar da ita a kulle, don masu kamfanin na gudun kada a saci yadi. Matakalar ƙarfe ta bayan gini ta karye da mutane a kanta. Tsanin 'yan kwana-kwana kuwa iyakarsa hawa na shida. Mutanen da ke kan titi na kallo 'yan mata suka riƙa faɗowa ta taga. Cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, mutum 146 suka rasu.

Ku lura, ba a rasa masu gargaɗi ba. A 1909 waɗannan 'yan matan na cikin teloli kusan dubu 20 da suka shiga yajin aiki, 'yan sanda suka yi ta dukansu suna kamawa. Bayan gobarar ma, aka gurfanar da masu kamfanin, Max Blanck da Isaac Harris, kotu ta wanke su a Disamban 1911.

To, me ya sa wannan karon abin bai bi ruwa ba? Littattafan makaranta sukan ce 'yan jarida ne suka tayar da lamirin al'umma, su ambaci Ida Tarbell da ta tone asirin kamfanin Standard Oil a 1904, da Upton Sinclair wanda littafinsa kan mahautan Shikago ya taimaka aka yi dokar duba nama a 1906. Ban musa ba. Amma a Niyok, waɗanda suka rubuta dokokin ba waliyyai ba ne. 'Yan Tammany Hall ne, gungun jam'iyyar Dimokurat da ya yi ƙaurin suna wajen cin hanci da sayen ƙuri'a, wanda 'yan sandansa ne suka doki masu yajin nan. Ubangidansu Charles Murphy ya ga sama da mutum dubu 100 sun fito jerin gwanon makoki cikin ruwan sama, ya kuma san 'yan gurguzu na zawarcin unguwannin baƙi. Matan Niyok ba su sami ƙuri'a ba sai 1917, amma iyayensu maza da yayyensu na da ita. Sai ya sakar wa yaransa biyu a majalisar jiha mara, Robert Wagner da Al Smith, suka jagoranci kwamitin binciken masana'antu.

A nan ne wata mata, Frances Perkins, wadda ta ga gobarar da idonta, ta yi aikin da ya fi burge ni. Ba ta tsaya rubuta rahoto kawai ba. Da asuba take jan 'yan majalisar zuwa masana'antun gwangwani su ga ƙananan yara na ɓarar wake, su ga mata na fitowa daga aikin dare a galabaice. Gani ya kori ji. Cikin 'yan shekaru jihar ta yi dokoki fiye da 30: ƙofofi su buɗe ta waje, a daina kulle su lokacin aiki, a sa na'urar fesa ruwa a dogayen gine-gine, aikin mata kada ya wuce sa'a 54 a mako. A 1933 Perkins ta zama sakatariyar ƙwadago ta ƙasa, mace ta farko a majalisar ministoci, Wagner kuma ya kawo dokar 1935 da ta ba ƙungiyoyin ƙwadago haƙƙin ciniki da masu kamfani.

Abin da nake so ku riƙe shi ne gyaran nan ƙuri'a ya bi. In kuna son shaida, ku dubi jihohin kudancin ƙasar a shekarun nan. A jihar Luwiziyana baƙar fata fiye da dubu 130 ne ke da rajistar zaɓe a 1896. Zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Da harajin zaɓe da jarrabawar karatu aka share su, kuma da yawa cikin masu wannan aika-aika da sunan tsabtace zaɓe suka yi, suna kiran kansu masu gyara. Ida B. Wells ta shafe shekaru tana tattara bayanan kisan gilla da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe, hujjojinta ba su gaza na Tarbell ba, amma majalisar tarayya ba ta yi dokar hana wannan kisa ba sai 2022. Shugaban ƙasa Woodrow Wilson, wanda ake lissafawa cikin manyan shugabannin gyara, a zamaninsa ne aka raba farare da baƙaƙe a ofisoshin gwamnatin tarayya, daga 1913.