Idan An Sallame Ka Daga Aiki, Me Ya Rage Maka?



Da yawanku kuna da ɗa ko ƙane mai aikin albashi, direba ko mai gadi. To, a sani, Najeriya da Nijar babu mai biyan wanda aka kora kuɗin rashin aiki duk wata kamar Faransa. Amma ba a tafiya hannu rabbana.

A Najeriya, doka ta ce sai an ba ka wa'adi: mako 2 in ka yi shekara 2 zuwa 5 kana aikin, wata guda in ka kai shekara 5. In ba a ba ka ba, a biya ka kuɗinsa. In kana da asusun fansho, dokar 2014 ta yarda ka ciri kashi 25 cikin 100 bayan wata 4 ba ka sami wani aiki ba.

A Nijar kuwa, wanda ya cika shekara guda yana da kuɗin sallama, sai fa in babban laifi ya yi, kamar sata. In an hana ka, nufi ofishin sufeton aiki.

Kashedi ɗaya, ɗan'uwa: kada a lallaɓe ka ka rubuta cewa kai ka ajiye aikin. Nan ake asarar kuɗin sallama.

Ku kuma masu ɗaukar makiyayi ko yaron shago, a yi magana gaban shaidu, a rubuta. Allah ya tsare mana hanyar abinci.