Dambe a Akwatin Talabijin: Ina Rabon Ɗan Dambe?



Malam Shugaban taro, iyayenmu malamai da suka koyar da mu, shugabannin wannan ƙungiya, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni waɗannan 'yan mintoci, alhali kuwa a zauren nan akwai waɗanda suka fi ni shekaru da sani nesa ba kusa ba.

Jawabina a kan dambe ne da talabijin. Na san wasu daga cikin malamanmu za su ce, duk matsalolin da ke damun Birnin Kudu da Gwaram a rasa abin tattaunawa sai dambe? To, ina roƙon a ba ni aron kunne, domin magana ce ta dukiya mai yawa, da lafiyar samarinmu, da kuma wata al'ada tamu wadda aka fara ciniki a kanta tun mu masu ita ba mu farga ba.

Bari in fara da wasan da ake kira MMA, watau faɗan gauraye, wanda ya haɗa dambe da kokawa da shuri da murɗe gaɓa a fage guda. Ƙannenmu duk sun san shi, don suna kallonsa a wayoyinsu. A ranar 12 ga watan Nuwamba na 1993 ne kamfanin UFC ya shirya gasarsa ta farko a birnin Denba na Amurka. Mutum takwas suka kara a dare ɗaya. Ba a raba su bisa nauyi ba, dokoki kuwa ba su taka kara sun karya ba. Wani ɗan Barazil mai suna Royce Gracie, wanda bai kai yawancinsu girman jiki ba, shi ya ci gasar.

Jama'a sun yi kallo, amma hukuma ba ta yarda ba. A 1996 Sanata John McCain ya tashi haiƙan yana yaƙar wasan, har ya kwatanta shi da faɗan zakaru. Jihohi da yawa suka haramta shi, kamfanonin talabijin suka juya masa baya. Kasuwa ta mutu, har a 2001 aka sayar da kamfanin kacokan a kan dala miliyan 2.

To me ya farfaɗo da shi? Abu na farko shi ne doka. Daga 2000 zuwa 2001 hukumar wasanni ta jihar Niyu Jazi ta jagoranci tsara dokoki na bai-ɗaya: a raba 'yan wasa bisa nauyi, kowane turmi minti biyar, a sa safar hannu, a hana karo da kai da tsokane ido da dukan marena, likita ya duba mutum kafin ya shiga fage, alƙali kuma ya tsayar da wasa da zarar ɗaya ya kasa kare kansa.

Abu na biyu shi ne labari. A 2005 sababbin masu kamfanin, watau 'yan'uwan nan biyu 'yan gidan Fertitta da abokinsu Dana White, suka zuba kuɗin aljihunsu suka shirya wani shiri a tashar Spike. Aka tara samari a gida ɗaya, ana nuna yadda suke atisaye, da inda suka fito, da abin da suke nema a rayuwa. Kafin ranar karawar ƙarshe tsakanin Forrest Griffin da Stephan Bonnar a watan Afirilu na shekarar, mai kallo ya riga ya san su, ya kuma zaɓi gwaninsa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2011 tashar Fox, wadda ake kamawa kyauta a ko'ina cikin Amurka, ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da UFC. A 2016 jihar Niyu Yok, wadda ita ce ta ƙarshe, ta halatta wasan, kuma a shekarar aka sayar da kamfanin nan na dala miliyan 2 a kan kimanin dala miliyan dubu 4. A 2025 kuwa kamfanin Paramount ya amince ya biya dala miliyan dubu 7 da miliyan 700 domin nuna wasannin har shekara bakwai. 'Yan Afirka ma sun taka rawa. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da Israel Adesanya, haifaffen Ikko, duka sun ci kambun duniya a 2019, sannan Francis Ngannou na Kamaru, wanda ya tashi yana haƙar yashi, ya ci na masu nauyi a 2021.

Jama'a, yanzu mu dawo gida. Abin da Amurkawa suka kashe miliyoyi suna nema, watau labarin da zai ɗaure mai kallo, damben Hausa ya gaje shi tun kaka da kakanni. Wasan mahauta ne a asali, ana yinsa da kaka bayan an kai amfanin gona gida. Akwai hannun ɗauri, akwai na kariya. Akwai turmi uku, wanda ya kai ƙasa an yi masa kisa. Akwai ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramada, kowa da magoya bayansa. Ɗan dambe yana ɗauke da sunan maigidansa, a ce Shagon wane ko Autan wane, ga kirari, ga kalangu. Shekara nawa ke nan da zamanin Shago da Ɗandunawa, amma albarkacin waƙoƙin Ɗan Anace har gobe ana musu a kansu a majalisa?

Wasu sun hangi wannan arziki. A 2017 wasu matasa biyu 'yan kudancin ƙasar nan, Chidi Anyina da Anthony Okeleke, suka buɗe shafin Dambe Warriors a YouTube, miliyoyin mutane a ƙasashe daban-daban suka kalla. Kazalika Maxwell Kalu, ɗan Nijeriya da ya tashi a Ingila, ya kafa kamfanin African Warriors, wanda a 2025 ya ƙulla yarjejeniya da tashar DAZN domin nuna dambe a duniya. Ba laifi suka yi ba. Sun ga abin da muka raina ne, suka ɗauka suka kakkaɓe shi.

Tambayar ita ce, yaushe dambe zai sami gurbi na dindindin a talabijin na ƙasa? Ba sai mun tsallaka teku neman misali ba. A Jamhuriyar Nijar, tun 1975 ake gasar kokawa ta cin takobi, wadda aka fara a Tawa. Jihohi ne ke karɓar baƙuncinta bi da bi, gidan talabijin na ƙasa yana nunawa kai tsaye, kuma daga Damagaram zuwa Yamai ba wanda bai san sunan Issaka Issaka na Doso ba. A Sanigal ma kokawarsu mai haɗe da naushi tana cika filayen wasa, kamfanoni suna rububin saka talla. Mu kuwa muna da NTA tun 1977, da tashoshinta a manyan biranen jihohi har da Dutse, ga gidajen talabijin na jihohi, ga Arewa24 tun 2014. Bugu da ƙari, dambe da kokawa da langa suna cikin wasannin da ake yi a gasar wasanni ta ƙasa. Ke nan ga tashoshi, ga 'yan kallo.

A ganina abubuwa uku ne suka tsaya a gaba. Na farko, tsarin lokaci. Gidan talabijin yana sayar da mintoci ne, mai talla kuma yana so ya san ranar wasa da sa'arsa tun wata uku kafin lokacin. A gidan dambe kuwa sau da yawa sai an hallara sannan a san wanda zai sa zare da wa. Na biyu, lafiya. Duka a kai ba ya nuna illarsa rana ɗaya. Mutum yakan ci kisa yau, jibi ya koma fage saboda bashin da ke kansa, bayan shekara goma a gan shi hannu na rawa, magana na sarƙewa. A dokokin faɗan gauraye, wanda aka sumar tilas ya huta na wasu makonni sai likita ya sallame shi. Na uku, mutunci. Muddin ana alaƙanta gidan dambe da shaye-shaye da caca da tsibbace-tsibbace, magidanci ba zai kunna wa iyalinsa ba, kamfanin kirki kuma ba zai liƙa sunansa ba. Malaman addini suna da maganarsu a kan wannan wasa, musamman dukan fuska, kuma wajibi ne a zauna da su a saurare su.

Amma akwai darasi na ƙarshe daga Amurka, wanda shi ne ya fi damuna. Shigar wasa talabijin ba ta nufin ɗan wasa ya yi arziki. A 2014 wasu 'yan wasan UFC suka kai kamfanin ƙara a kan ya danne musu haƙƙi. Takardun da suka bayyana a shari'ar sun nuna cewa rabon 'yan wasa bai wuce kimanin kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga ba, alhali a manyan wasannin ƙwallo na ƙasar rabon yakan kai kusan rabi. Sai bayan shekara goma aka sasanta a kan dala miliyan 375. To, idan haka ta faru ga masu lauyoyi, ina ga yaron da ya fito daga Sara ko Basirka ko Babaldu, wanda za a miƙa wa takarda da Turanci a ce ya dangwala? Hoton wasansa zai yi ta yawo a duniya shekara da shekaru ana samun kuɗi da shi, shi kuwa abin da aka ba shi a ranar ya ƙare tun a tashar mota. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Saboda haka, Malam Shugaba, ina gabatar da shawarwari huɗu, waɗanda ba su fi ƙarfin wannan ƙungiya ba.

Na ɗaya, lauyoyinmu su rubuta samfurin yarjejeniya da Hausa, shafi ɗaya ko biyu, mai bayyana ladan wasa, da wanda zai biya kuɗin magani, da rabon ɗan dambe duk lokacin da aka sake nuna hotonsa. A raba wa sarakunan dambe da sarakunan pawa kyauta.

Na biyu, likitocinmu da ma'aikatan jinya su ba da rana ɗaya lokacin kaka domin duba 'yan dambe da 'yan kokawa na ƙananan hukumomin nan biyu. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu, sai ƙungiya ta nemi haɗin kanta.

Na uku, mu da ke aikin gwamnati mu kai takarda ga hukumomin wasanni a Dutse, a nemi rubutattun dokoki: rajistar 'yan wasa, awon nauyi, mafi ƙarancin shekaru, ma'aikacin lafiya a bakin fage, da hutun dole bayan suma. Kada a yarda yaron da ya kamata a ce yana aji ya shiga fage don neman kuɗi.

Na huɗu, 'yan jaridarmu su nemi tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu da suka rage a ƙauyukanmu, su naɗi tarihinsu tun suna raye. Wannan tarihi shi ne jarin da gidan talabijin zai saya gobe.

Ko mun so ko mun ƙi, masu kyamara suna tafe, domin sun riga sun isa Kano da Abuja. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Idan muka bari sai an gama rabon sannan muka zo, ba mu da bakin kuka. Ilimin da malamanmu suka ba mu a wannan makaranta amana ce, kuma waɗannan samari da ba su sami irin damarmu ba suna da haƙƙi a cikinsa.

 Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.