Darasin Ƙididdiga Daga Filin Ƙwallo

 

Dukkanmu mun san ɗalibin da ke sunkuyar da kai idan aka rubuta ƙididdiga a allo, amma da an tashi zai lissafa maka shekarun da Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa, 2008, 2012, 2013 da 2014, har ya ƙara da ƙwallaye 18 da Ahmed Musa ya ci mata a kakar 2009/2010. Wannan yaro ƙididdiga yake yi, ba a dai gaya masa sunanta ba ne. A Amurka malamai sun daɗe suna shiga wannan darasi ta ƙofar wasan besbol, inda ake auna gwani da yawan bugun da ya dace cikin damar da ya samu. Mu ba ma buga besbol a Kura ko Bunkure, amma muna da tamaula.

A ce ƙungiyar makaranta ta buga wasa biyar, ta ci 0, 1, 1, 2 da 6. Jimilla goma, matsakaici biyu. Sai mu tambayi aji: shin biyu take ci kullum? Za su ce a'a, wasa ɗaya ne ya kumbura lissafin. A nan za su gane amfanin adadin tsakiya, wato ɗaya, tun kafin mu faɗi ma'anarsa. A ganinmu wannan gardama ta fi haddar ƙa'ida amfani nesa ba kusa ba.

Abin bai tsaya ga WAEC da NECO ba. Yaranmu 'ya'yan manoman rani ne, masu shan ruwan Dam ɗin Tiga. Farashin kwandon tumatir a Kwanar Gafan yakan faɗi warwas lokacin kaka, ya yi tashin gwauron zabo idan kaya sun yanke. Wanda ya ci bashin taki bisa matsakaicin farashin shekara, alhali shi a kaka yake sayarwa, ya shiga uku.

Saboda haka muke roƙon kowane malamin lissafi ya buɗe littafi ɗaya a zangon nan: sakamakon wasanni a gaba, farashin kwando na kowane mako a baya. 'Yan mata da ƙwallo bai dame su ba, su riƙe shafin kasuwa. Iyaye kuma, idan yaro ya tambayi nawa aka sayar yau, don Allah a gaya masa gaskiyar kuɗin.