Wa Ya Faɗa, Kuma Yaya Ya Sani? Jawabi ga Taron Malamai na Reshen Sabon Gari



Da yawanmu ba mu manta da asubahin Juma'a, 8 ga Agusta 2014 ba. Wayoyi suka yi ta ƙara cikin dare, ɗan uwa na tashin ɗan uwa: a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai shi ne rigakafin cutar Ebola wadda ta shigo Legas a watan Yuli. Daga Samaru har Sabon Gari, masu ilimi da marasa shi duka suka tashi neman gishiri. Kafin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaryata zancen, an riga an kwantar da mutane a asibitoci a sassan ƙasar nan, wasu ma sun rasa rayukansu.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, galibin waɗanda suka yaɗa saƙon sun zauna a ajujuwa irin namu. Mun koya musu karatu da rubutu, amma ba mu koya musu tsayawa su tambayi asalin magana ba. Yaron da aka tsawata wa don ya ce "Malam, ina hujja?" yakan girma yana haɗiye duk abin da aka miƙo masa.

Tantance labari kuwa gadonmu ne. Malaman Hadisi sukan bi isnadi mutum bayan mutum kafin su karɓi ruwaya. A nan Jami'ar Ahmadu Bello, marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, bai karɓi abin da matafiyin nan Heinrich Barth ya rubuta game da Katsina ido rufe ba. Ya binciki abin da Barth ya gani da idonsa, da abin da aka gaya masa, da kuma matsayin masu gaya masan.

Saboda haka muna ba da shawara kowane malami ya keɓe minti goma a mako, ɗalibai su kawo labarin da suka ji a kasuwa ko suka gani a WhatsApp, a auna shi da tambayoyi uku: wa ya faɗa, yaya ya sani, kuma wa zai amfana idan muka yarda? Idan suka juyo da tambayoyin kanmu, mu daure mu amsa, domin a nan darasin zai zauna.

Allah Ya ba mu ikon sauke wannan amana.