Wa ke riƙe da makullin mujallar bincike?

 

Yau zan yi magana a kan wata kujera da ba a taɓa fita zanga-zanga saboda ita ba: kujerar babban editan mujallar bincike. Na san wani cikinku zai ce, muna fama da kuɗin ɗalibai da ba a biya ba, da azuzuwa cike maƙil, kai kuma ka zo muna da zancen edita? To, ku ɗan ba ni hankalinku.

Malamin jami'a a ƙasar nan, ko a Abdu Mumuni ta Yamai yake, ko Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko Andre Salifu ta Damagaram, ko Jibo Hamani ta Tawa, ba ya samun ƙarin girma don ya daɗe yana koyarwa. Takardunshi ake kai wa CAMES, hukumar nan ta ilimi mai zurfi da anka kafa a nan Yamai a 1968, wadda mazauninta ke Wagadugu. Kwamitocinta na zama kowace shekara, kuma babban abin da suke dubawa shi ne maƙalolin da malami ya buga a mujallun bincike. Ke nan wanda ke cewa "wannan ta shiga, wannan ba ta shiga ba" yana da hannu a kan wa zai zama farfesa, wa zai duba kundin digirinka, wa zai zauna a kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan irin gero ko maganin zazzaɓi.

Mine ne aikin nashi? Maƙala ta iso, shi ke fara dubawa ko ta cancanci a ɓata ma wani lokaci a kanta. In ta cancanta, ya aika ma masana biyu ko uku na fannin, galibi ba tare da marubucin ya san su ba. Su karanta, su ce nan lissafi bai fita ba, nan an kwashi aikin wani ba a ambace shi ba. Amma su shawara kawai suke badawa. Hukunci na edita ne. Kuma kun ga inda ƙarfin yake: shi ke zaɓen masu dubawar. In yana son maƙala ta mutu, ya san wanda zai aika ma. In yana son ta wuce, nan ma ya sani. Ba wanda zai kama shi, don takardu duk sun cika.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne in ƙofar ta yi sako-sako. Ranar 22 ga Mayu 2020, lokacin korona, mujallar Lancet ta Ingila, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ta buga wani bincike da ya ce kulorokin da ƴar uwarta suna ƙara haɗarin mutuwa ga masu cutar. An ce an tattara bayanan majinyata wajen 96,000 daga asibitoci 671. Cikin kwana uku Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin. Sai wasu masana sunka fara tambaya, kuma ɗaya daga cikin abin da ya tona asirin shi ne alƙaluman Afirka: waɗanne asibitoci ne a nahiyar ga ke da irin wannan rajista ta kwamfuta? Kamfanin Surgisphere da ya bada bayanan ya ƙi yarda a bincika su. Ranar 4 ga Yuni anka janye maƙalar. Ba ina cewa maganin yana warkar da korona ba, gwaje-gwajen baya sun nuna ba ya yi. Abin da nake nuna muku, mako biyu duniya ta yi tana tafiya bisa alƙaluman da ba wanda ya gani da idonshi, don an buɗe ƙofa ba a duba kaya ba.

Wancan sakaci ne. Akwai ɗaya gefen, inda editan ke son yin aikinshi amma mai mujallar ya taka mishi wuya. A Janairun 1999 ƙungiyar likitocin Amurka ta kori George Lundberg daga mujallarta JAMA bayan shekara 17, saboda ya buga wata maƙala da shugabannin ƙungiyar sunka ga ta shiga rikicin siyasar Clinton. Surutu ya yi yawa har sai da anka kafa kwamiti na musamman tsakanin edita da masu mujallar, don kada wani ya tashi da safe ya sallame shi. A 2015 kuma editocin mujallar Lingua ta kimiyyar harshe sunka aje aiki gaba ɗaya, saboda kamfanin Elsevier ya ƙi sassauta tsadar karanta ta, sunka je sunka kafa Glossa wadda kowa ke karantawa kyauta.

To mu dawo gida. Muna da mujallunmu, kuma wasu sun yi aiki mai kyau cikin rashin kuɗi. Ga Mu Ƙara Sani ta cibiyar IRSH a Yamai, suna ma kaɗai ya ishe ka. Ba wata mujalla nake nuna wa yatsa ba. Tambaya nake yi, kuma kowane ɗalibi a zauren nan ya gwada ta a tsangayarsu: editan mujallarku, wa ya naɗa shi? Yaushe wa'adinshi zai ƙare? Ina takardar da ta faɗi haka? Za ku ji shiru, ko a ce muku "ai tun da anka kafa ta shi ne".

Nan ne damuwata. In shugaban tsangaya ne ya kira abokinshi ya ce ga mujalla riƙe, ran da maƙalar shugaban ta iso babu gishiri babu magi, ƙaƙa zai yi? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi mishi aski. Kuma wanda ke biyan kuɗin askin shi ne ƙaramin malamin da ba shi da uba a gindin murhu, da malama mace da ba ta zama majalisar shayi inda ake raba gurabe. Maƙalarsu ta kwana shekara a aljihun tebur, lokacin kai takardu CAMES ya wuce, sai wata shekara kuma.

Kun tuna a 2018 da 2019 yadda ƙungiyar malamai ta SNECS ta yi ta yajin aiki kan batun shugabannin jami'o'i, a zaɓe su ko gwamnati ta naɗa su. Mun rasa watannin karatu a kan wannan tambaya. Ita ce dai ke kwance bisa kujerar edita, sai dai ita ba wanda ya ɗaga murya.

Ni ba na cikin masu cewa a jefa ƙuri'a kawai. Zaɓen da dukan malaman tsangaya ke yi, mai yawan abokai ke cin shi, kuma edita nagari aikinshi ya haɗa da ɓata ma abokai rai. Abin da na fi gamsuwa da shi: a bada sanarwar kujerar a fili, mai so ya kawo ayyukanshi da tsarin da zai bi, kwamiti ya zauna wanda akwai masana na waje a ciki, daga wata jami'ar ƙasar nan, ko Kano, ko Dakar. A yanka mishi wa'adi, shekara uku ko huɗu, a sabunta sau ɗaya tak. A rubuta dalilan da za su sa a cire shi, kuma ƙin buga maƙalar babba kada ya kasance cikinsu.

Shi ma sai a ɗaure shi. Maƙalarshi ko ta ɗalibinshi, wani ne zai yanke hukunci a kanta. Kowace maƙala ta fito da ranar da anka karɓe ta da ranar da anka amince da ita. In ka ga kwana uku tsakani, ka san ba wanda ya karanta. In ana biyan kuɗin bugawa, a faɗi jika nawa ne, a zuba a asusun jami'a, a bada rasit.

Ƴan uwa wakilan ɗalibai da ke zama a majalisun tsangayoyi, ku da ke da damar magana can: a zama mai zuwa ku nemi a kawo dokar mujallar a rubuce, a karanta ta gaban kowa. In an ce babu, ku sa a rubuta cikin rahoton zaman cewa babu, da ranar da za a kawo ta.