Daɓen Siminti Mai Zane a Tsakar Gida

 

An ce in yi magana kan daɓen nan da ake yayi: a zuba kankare, a barbaɗa kala, a danna tambarin roba tun yana ɗanye, ya fito kamar jeren dutse. Yana da kyau, ba musu.

Amma ni ruwa nake jiye mana. Kankare ba ƙasa ba ne, ba ya shanye ruwa. Kun san ruwan Agusta a Mubi, kun ga yadda kogin Yedzaram ke cika. Duk wanda ya malale tsakar gidansa, ruwan sai ya nemi hanya, sau tari kuwa gindin katangar maƙwabci yake samu. Mu da muka zo neman abinci garin mutane, rigimar kwata ba tamu ba ce. To, a sa magini ya karkata daɓen zuwa lambatu tun kafin a zuba.

Kaurinsa kada ya gaza inci 4. A tsaga layi duk bayan kamar mita 3, in zai dare ya bi nan. Man ƙyallin da ake shafawa kuma santsi gare shi; wurin alwala a bar shi da kaushi, saboda tsofaffinmu.